Sadauki da ƴar tsana: tarihin wata shawara ta sinima

Gabatarwa

Lokaci-lokaci masu sha'awar sinima sukan kawo shawarar a ɗauki ɗaya daga cikin jaruman nan na littattafan zane na Amurka, irin su Superman ko Batman, a yi masa dogon fim da ƴan tsana, ta hanyar da ake kira “image par image” da faransanci. Har yau babu wani babban kamfanin Hollywood da ya fitar da irin wannan dogon fim a gidajen sinima. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi diddigin dalili, sannan mu nuna cewa ƙasar Nijar tana da ta cewa a maganar, domin tun shekara ta 1977 wani ɗan ƙasa ya gwada abin da ya yi kusa da haka.

1. Kalmomin aiki

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Dabarar kanta za mu kira ta “ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya”. Ana tsai da ƴar tsana mai ƙashin ƙarfe ko na waya gaban kyamara, a ɗauki hoto guda, a ɗan gusa hannunta ko ƙafarta, a sake ɗaukar wani. Sinima tana nuna hoto 24 cikin sakan ɗaya, wato 1.440 a minti ɗaya, 129.600 ke nan a fim mai minti 90. Ko da an ɗauki kowane matsayi sau biyu, kamar yadda aka saba domin rage aiki, sai hannun mutum ya taɓa ƴar tsanar sau 64.800.

Kalma ta biyu ita ce “super-héros”. “Jarumi” ta yi faɗi, domin a hausar masu fim ta yanzu kowane babban ɗan wasa jarumi ne. “Barde” tana ɗaure da doki da fada. Mun zaɓi “sadauki”, saboda tana ɗauke da ma'anar mutum guda da ke tsayawa a madadin rundunar mayaƙa. Amma za mu gani a gaba cewa sadaukin almara da sadaukin littafin zane ba su da buƙata ɗaya wajen motsi.

2. Daga buzuzu zuwa ƙwarangwal (1912-1981)

Tun farkonta dabarar ta fi karɓar halittun da ba mutane ba. A shekara ta 1912, a Rasha, Ladislas Starewitch ya yi fim da gawarwakin buzuzu da fara waɗanda ya ɗaura wa waya, suna wasan kishi na miji da mata. A Amurka, Willis O'Brien ya motsa manyan dabbobin da suka ƙare a The Lost World (1925), sannan ya yi King Kong (1933), inda goggon birin da ya hau benen New York ƴar tsana ce.

Almajirinsa Ray Harryhausen shi ne ya haɗa dabarar da labarin sadaukantaka, a cikin The 7th Voyage of Sinbad (1958), da Jason and the Argonauts (1963), da Clash of the Titans (1981). Faɗan Jason da ƙwarangwal bakwai, wanda ke ɗaukar ƴan mintoci a allo, ya ci masa fiye da wata huɗu na aiki. Abin lura shi ne rabon aikin: sadaukin kullum mutum ne mai jini da tsoka, ƴar tsana kuwa dodo ce. A Turai ta gabas ne aka ba ƴar tsana matsayin sadauki, misali a fim ɗin Jiri Trnka na 1953 bisa tsofaffin almarun Cek. Can ma sadaukan almara ne, masu tafiya a ƙasa da ɗaukar makami.

3. Me ya sa Superman bai zama ƴar tsana ba?

Superman ya fito a mujallar Action Comics a shekara ta 1938, shekara biyar bayan King Kong. Dabarar tana nan, ta kuma yi suna. Duk da haka, da aka kai shi allo a 1941, ƴan'uwan nan Fleischer zane suka yi. A jerin fina-finan 1948 ma, inda ɗan wasa Kirk Alyn ya sa rigar, da zarar sadaukin zai tashi sama sai a maye gurbinsa da zane.

Dalilin yana cikin yadda kyamara ke kama motsi. Idan mutum ya kai naushi gaban kyamara, hannunsa yana tafiya a lokacin da idon kyamarar ke buɗe, sai hoton ya fito dishi-dishi, kuma wannan dishi-dishin ne ke sa mai kallo ya ji sauri. Ƴar tsana kuwa a tsaye take cak duk sa'ad da aka ɗauke ta. Kowane hoto tas yake, don haka motsi mai sauri sai ya riƙa tsinkewa. Masu nazarin harshe za su gane abin da sauƙi: kowane hoto aiki ne kammalalle, irin na “ya ɗaga”, kuma idon mai kallo ne ke mai da jerin su “yana ɗagawa”. In tazarar da ke tsakanin hoto da hoto ta yi yawa, ido ya kasa yin wannan haɗi. Tsinkewar tana ƙara wa dodo ban tsoro, amma tana rage darajar wanda aka sani da gudu da tashi sama.

An nemi magani. A fim ɗin Dragonslayer (1981), Phil Tippett da abokan aikinsa sun haɗa ƴar tsana da ƙananan injuna masu gusa ta yayin da idon kyamara ke buɗe, domin a sami dishi-dishin. Sai dai a 1993 Jurassic Park ya nuna cewa kwamfuta tana iya wannan aiki, manyan kamfanoni kuma suka koma can. Da fina-finan sadaukai suka mamaye kasuwa bayan shekara ta 2000, da kwamfuta aka yi su. Wurin da ya rage wa ƴar tsana shi ne ba'a, kamar shirin Robot Chicken da ya keɓe wa jaruman DC a 2012, da SuperMansion na 2015. The Lego Batman Movie (2017) kuwa da kwamfuta aka yi shi, ana kwaikwayon tsinkewar motsin da gangan. Wato abin da dā ake ɗauka aibi ya zama ado, amma adon raha.

4. Samba le Grand (1977)

A nan ne aikin Mustafa Alasan (Moustapha Alassane a rubutun faransanci) ya shigo. An haife shi a 1942 a N'Dunga, kusa da Yamai, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, bayan ya daɗe zaune a Tawa. Ya fara da wasan inuwa, yana yanka siffofi yana haska su da fitila. Ya yi aiki tare da Jean Rouch a cibiyar IFAN ta Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren. Fina-finansa na zane, La Mort de Gandji (1965) da Bon voyage Sim (1966), kwaɗi ne ƴan wasansu, kuma suna zolayar sarauta da mulki. A 1966 ɗin dai ya yi Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa kayan kaboyi suka addabi jama'a. Ashe tun da wuri ya san abin da ke faruwa idan aka aro jarumin wata ƙasa da rigarsa.

Da ya tashi yin fim na sadauki da ƴan tsana, bai aro ba. Samba le Grand gajeren fim ne mai launi, bisa almarar Samba Gana, wadda Bajamushe Leo Frobenius ya rubuta wani kaulinta a farkon ƙarni na 20. Sadaukin ya nemi auren wata gimbiya, ita kuma ta riƙa ɗora masa jarrabawa bayan jarrabawa. A kaulin Frobenius har da yaƙin shekaru da macijin Isa Ber, wato “babban kogi” da zabarmanci da sonrai. Samba yana cin nasara, amma mutuwa ce kaɗai ta haɗa su.

Wannan labari ya dace da dabarar. Sadaukin almara ba ya tashi sama. Ana gane girmansa ta kirari, da tsayuwa, da hawan doki, da daɗewa a fagen fama. Jikin ƴar tsana mai nauyi da fuskarta da ba ta canzawa suna ba shi kwarjinin basarake mai amawali, wanda ba a karanta zuciyarsa a fuska. Haka nan a Kokoa, inda kwaɗi da wasu ƙananan dabbobi ke kokowa, Alasan ya zaɓi wasan da ƙasa ta sani tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975: wasa ne na riƙo da turjiya da jira, kafin kaye na farat ɗaya. Kusan duk abin da ɗan kokowa ke yi, ƴar tsana tana iyawa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa shawarar ba ta gagara ba saboda kuɗi kawai. Dogayen fina-finan ƴan tsana suna nan ana yi, kamar Kubo and the Two Strings (2016) da Pinocchio na Guillermo del Toro (2022). Abin da ya hana shi ne irin sadaukin da aka zaɓa. Duk mai son yin wannan fim sai ya nemi gwarzon da ƙarfinsa ke cikin nauyi da juriya, kuma adabin baka na yankinmu cike yake da su.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan jami'a. A 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya shirya nunin ayyukan Alasan. Muna ganin ya dace ɗalibanmu na adabi da na harshe su kalli Samba le Grand a aji, su gwada shi da kaulolin baka na almarar, su kuma tattara kalmomin da masassaƙa da maɗinka da dukawa ke amfani da su wajen ƙera ƴar tsana da sutura ta. Daga nan ne ƙamus ɗin sinima na hausa zai sami kalmomin wannan fanni.