Rumbu ɗaya, kwamfuta biyu

Duk wanda ya tashi a Sabon Gida ko ƙauyukan Madawa da Buza ya san dokar rumbun gandu: hatsi na kowa ne, amma ba kowa ke ɗiba lokacin da ya ga dama ba. Masu kwamfuta ma sai da suka koyi wannan dokar.

A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da RAMAC, faifan ajiya na farko, mai faranti 50 da ke ɗaukar kusan megabait 5. Kwamfuta ɗaya ce ke aiki da shi. In ta lalace, komai ya tsaya.

A 1983 kamfanin DEC ya kawo VAXcluster, inda manyan kwamfutoci ke tarayya a faifai ɗaya, in wata ta mutu wata ta ci gaba. Sai dai in biyu suka yi rubutu wuri ɗaya a lokaci ɗaya, bayanai sun dagule, kamar malamai biyu suna cika rajista ɗaya ba shawara. Shi ya sa aka sa tsarin kulle: kowace sai ta nemi izini kafin ta rubuta.

Fibre Channel a 1994 da iSCSI a 2004 sun sauƙaƙa haɗin, amma ba su ɗauke bukatar kullen ba.

Malamai da iyaye, ranar da aka ce makin yaranmu ya koma kwamfuta, mu tambaya: wa ke da izinin rubutu, kuma ina aka ajiye kwafi? Rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi.