Hausar da aka buga domin baƙo

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, mai laƙabin Abdulkarim, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuwa ya karkata yamma wajen Maraɗi da Gobir. Overweg ɗin ne daga baya ya 'yanta wani yaro a Kukawa mai suna Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, wanda maharan Barno suka kama. Barth ya tafi da shi Landan a 1855, a Ingila kuwa wani limamin mishan, James Schön, ya zaunar da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa. Nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885 duk sun sha daga bakin yaron nan. Ke nan Hausar da ta fara samun gindin zama a ɗab'i tana da saiwa a ƙasar da yau ake kira Nijar. Sai dai ba domin Bahaushe aka buga ta ba, kuma ina ganin nan ne asalin abin da ya sa har yau da wuya a sami littafin wasan kwaikwayo cikin Hausar Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji.

Injin ɗab'i mai saye yake bi. A Ingila John Palsgrave ya buga nahawun Faransanci a 1530, John Florio ya fitar da littafin koyon Italiyanci a 1578 cike da hirarrakin da ɗalibi zai haddace, a 1623 kuma aka tattara wasannin Shakespeare 36 cikin kundi guda. Mai sayen na koyon harshe da mai sayen na wasa mutum ɗaya ne, ɗan gari mai kuɗin littafi a aljihu. A ƙasar Hausa mai sayen farko baƙo ne: ɗan mishan, hafsan soja, kumandan. Maurice Delafosse ya buga littafinsa na koyon Hausa a 1901, Landeroin da Tilho, da suka zo shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila, suka fitar da nahawu da tatsuniyoyi a 1909. Wanda zai karɓi haraji tambaya da umarni yake so ya iya, tatsuniya ma don motsa harshe yake karanta ta.

Da ɗab'in ya juyo wajen masu harshen, iyakar nan ce ta raba rabo. A kudu Ingilishi sun sa Hausar boko a firamare, suka kafa hukumar fassara da ta zauna a Zariya, inda Rupert East ya fitar da wasanni shida a 1936. Bayansa Abubakar Tunau ya zo da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada da Uwar Gulma, duk saboda akwai aji mai jiran littafi. A arewa lakwal ba ta san kowane harshe ba sai Faransanci. Boko na Hausa ya fi shigowa ta hannun mishan ɗin da suka zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, su kuwa Littafi Mai Tsarki ne a gabansu. Sai a 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen gida, a Damagaram.

Wani zai ce ai ba a rasa rubutu ba, ajami yana nan tun kafin Nasara. Gaskiya ne, amma malamin zaure waƙar wa'azi da fiƙihu da wasiƙa yake rubutawa, ba zai ɓata tawadarsa kan raha irin ta 'yan kama ko tashe ba. Wani kuma zai ce littattafan Zariya suna ƙetaro iyaka ta Jibiya. Suna ƙetarowa, amma da Hausar da aka daidaita kan ta Kano, wadda Bagobirin Tsibiri zai gane sarai ba tare da ya ji muryar gidansu a ciki ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wasa na dandali ne, takarda ba ta ƙara masa komai. Zamanin mulkin Seyni Kountché a Nijar ya goyi bayan masu wannan ra'ayi: samariya ta cika dandali, rediyo da talabijin suka kai ɗan wasa Yazi Dogo da abokansa gida-gida, mafi yawa ba tare da rubutaccen zance ba, an dai shirya labari kowa ya zuba nasa. Wasan ya yi rai ƙwarai, ban musa ba. Amma rabin wasannin kundin 1623, wato 18, ba a taɓa buga su ba kafin nan, har da Macbeth, kuma da abokan aikin Shakespeare ba su kai su maɗaba'a ba, da wuya su iso mana. Wasannin da samariyar ƙauyukan Gazawa da Agye suka kai gasar matasa ba su sami irin wannan gata ba. Abin da ya rage daga cikinsu yana kan tsofaffin da suka taka rawa a ciki, sai kuma wanda rediyo ta ɗauka a kaset, in kaset ɗin ya tsira.