Nastushiyam: Furen Hunturu Da Ba Ya Son Yawan Taki

Nastushiyam fure ne mai yaɗo, asalinsa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. Da yake ya saba da sanyin tsauni, ba ya jure zafin bazarar Zariya. Saboda haka a Samaru da Sabon Gari, Nuwamba ce lokacin shuka shi. Wanda ya jira Maris ya yi asarar iri.

Ana binne ƙwayar a zurfin kamar santimita 1, ta tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Ga mazaunin gidan haya, bokitin da aka huda gindinsa ya wadatar. Yawan taki kuwa ɓarna ne: ganye ya yi ta bunƙasa, fure ya ƙi fitowa. A ba shi ruwa idan ƙasa ta bushe. Ana cin ganyen da furen a kwaɗo, suna da ɗan yaji irin na lansir.