Tsofaffin Taswirori da Mutuwar Garin Sherman

A shekarar 1879 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar binciken ƙasa da ake kira USGS. Daga 1884, a ƙarƙashin John Wesley Powell, hukumar ta shiga zana taswirar ƙasar fegi-fegi. Ƴan safiyo kan hau doki da allon awo, su yi watanni a daji. Launi uku suka fi amfani da shi: ƙasa-ƙasa don layukan tudu da gangare, shuɗi don ruwa, baƙi don aikin hannun ɗan Adam.

Mu ɗauki tsaunukan Laramie na jihar Wyoming, ƙasar kiwon shanu. A 1868 layin dogo na kamfanin Union Pacific ya hau tudun Sherman, mita kusan 2,500 sama da teku, wurin da ya fi tsawo a duk hanyar. Gari ya tsiru a nan saboda jirage na tsayawa a duba birki kafin gangara. A 1882 kamfanin ya kammala wata dala ta dutse don tunawa da ƴan'uwa biyu na gidan Ames, waɗanda suka taimaka da kuɗin aikin.

A 1901 aka karkatar da layin ƴan kilomitoci zuwa kudu domin a rage hawa. Shi ke nan, garin ya watse. Dalar tana nan har yau ita kaɗai a fili, ba jirgin da ke wucewa ta gabanta. Wannan ne ya sa nake ce wa ɗalibai kada su karanta fegi ɗaya su tsaya. Sai an jera bugu biyu ko uku na wuri guda kafin a ga abin da ya ɓace.

Batun ruwa ya fi jan hankalina. Dokar 1864 ta ba kamfanin fili har mil 20 a kowane gefen layi, amma murabba'i ɗaya nasa, na kusa na gwamnati, kamar gidajen dara. Makiyayin da ya mallaki murabba'in da ke da idon ruwa ya mallaki kiwon kewayensa duka, ko da bai saya ba. Saboda haka ɗan ɗigon shuɗi ya fi sunan gari nauyi a waɗannan takardu.

Su kuwa Cheyenne da Arapaho, waɗanda suka yi farauta a nan kafin zuwan dogo, an riga an kore su lokacin da ƴan safiyo suka iso, sai dai sunan Cheyenne da aka laƙaba wa birnin da ke gindin tudun.