Tasirin Sakamakon Jarrabawa a Kan Zaɓen Fannin Karatu: Nazari a Kan Ɗaliban Dapchi, Nguru da Gashuwa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sakamakon ɗalibi a sakandare yake iyakance fannin da zai karanta a manyan makarantu, a arewacin Jihar Yobe. An bi hanyar nazarin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai da tsarin makarantun yankin. Nazarin ya nuna cewa sakamako yana tace ɗalibai a matakai uku, kuma matakin farko, wato rabon aji a babbar sakandare, shi ya fi nauyi.

1.0 Gabatarwa

A Nijeriya ɗalibi yakan rubuta kwas ɗin da yake so a fom ɗin JAMB, amma ba a nan ake yanke hukuncin abin da zai karanta ba. Kafin fom akwai jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, akwai ta WAEC ko NECO, bayansa kuma akwai makin da kowane sashe na jami'a yake yankewa. Dapchi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bursari, tare da Nguru da Gashuwa, sun dace da wannan nazari domin suna da makarantun sakandare na kwana da manyan makarantu iri-iri a kusa da juna.

2.0 Ra'in Bincike

An ɗora nazarin a kan ra'i biyu. A 1974 Raymond Boudon ya bambance tasiri iri biyu da asalin ɗalibi yake yi: na farko, halin gida yana shafar makin da yaro zai ci, na biyu, ko da maki ya zo ɗaya, ɗan talaka ya fi karkata ga karatu gajere mai sauƙin kuɗi. A 1981 Linda Gottfredson ta bayyana cewa yaro yakan fara zubar da sana'o'in da yake ganin ba nasa ba ne, daga baya ya sassauta burinsa zuwa abin da hannunsa zai kai.

3.0 Matakan Tacewa

3.1 Rabon aji. Bayan shekara uku a ƙaramar sakandare ana raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi ko ajin kasuwanci, yawanci bisa makinsu a Lissafi da Kimiyya. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba ba zai zauna jarrabawar Fiziks da Kemistiri ba, don haka likitanci, haɗa magunguna da injiniyanci sun kuɓuce masa tun yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Hukunci ne mai wuyar warwarewa, kuma sau da yawa ana yanke shi ba tare da an zaunar da ɗalibin ko iyayensa ba.

3.2 Kiredit. Jami'a tana neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, ciki har da Ingilishi, kwasa-kwasan kimiyya kuma suna buƙatar Lissafi. Akasari ana karɓar sakamakon zama biyu, amma jami'o'i da dama suna neman zama ɗaya a likitanci. D7 guda a Kemistiri ta isa ta mayar da mai neman aikin jinya wani fanni dabam.

3.3 Makin JAMB. Jarrabawar darasi huɗu ce, jimillar makinta 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, abin da ke ƙara wa ɗan ƙauye nauyi. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha kuwa 100. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga 'yan yankinsu, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, waɗanda Yobe take cikinsu. Wannan tsari yana sauƙaƙa samun gurbi, amma kwasa-kwasan da ake rububinsu suna da nasu maki mai tsauri. Wanda bai kai ba sai ya yi canjin kwas ko ya karɓi abin da aka ba shi.

4.0 Yanayin Yankin

A Gashuwa akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. A Nguru akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da kwalejin kimiyyar lafiya, da kwalejin koyon shari'a. Ɗalibin da makinsa ya isa ya nemi wani kwas a Maiduguri ko Kano, amma gidansu ba su da kuɗin mota da masauki, yakan zaɓi abin da ake koyarwa a kusa. Wannan shi ne tasiri na biyu na Boudon.

Dapchi tana nuna wani ɓangaren. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta 'Yan Mata da ke garin an tanade ta ne domin shigar da 'ya'ya mata fannin kimiyya. A ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace ɗalibanta 110, aka dawo da mafi yawansu ranar 21 ga Maris. Karatun da ya katse da fargabar da ta shiga zukatan iyaye suna shafar sakamako kamar yadda rashin malami ko ɗakin gwaje-gwaje yake shafarsa. Ke nan maki yana auna halin makaranta tare da ƙoƙarin ɗalibi.

Tsarin yana kuma juyowa kansa. Da yake makin shiga kwalejin ilimi ya fi ƙanƙanta, takan zama mafakar waɗanda jami'a ba ta ɗauka ba, daga cikinsu kuma ake samun malaman da za su koyar da Lissafi da Kimiyya a ƙaramar sakandare.

5.0 Kammalawa

Sakamako yana rage zaɓi tun kafin ɗalibi ya san yana da zaɓi, talauci da rashin tsaro kuma suna rage abin da ya saura. Dokar ta-ɓaci da gwamnatin Yobe ta ayyana a kan ilimin firamare da sakandare a 2019 za ta fi amfani idan aka karkata ta ga ƙaramar sakandare: ƙwararrun malaman Lissafi da Kimiyya, malamin ba da shawara kafin rabon aji, da damar sauya aji a zangon farko ga ɗalibin da ya nuna ƙwazo.