Gahawa Ta Zo Ta Tarar Da Goro A Kan Kujera



Duk mai bin labaran da ake turowa wannan zaure zai lura da wata al'ada. Da zarar marubuci ya so ya nuna mana jaruminsa ɗan gayu ne, ko ya yi karatu a waje, sai ya zaunar da shi a falo ya miƙa masa kofi, sau da yawa ma da rubutun Turancinsa. Talaka a ba shi koko, tsoho a ba shi goro. Wannan rabo ya kusa zama doka, alhali tarihi bai yarda da shi ba. Abin nan da muke ɗauka na Turawa, Musulmi sun yi kusan shekara 200 suna shansa kafin a buɗe shagonsa na farko a Landan. Goron da muke bar wa tsofaffi kuwa, shi ya haifi manyan attajiran ƙasar Kano, kuma ɗaya daga cikin gidajensa na nan kusa da mu, a Bebeji.

Mu fara da suna, tunda kalma ce jarinmu. Hausa na da sunaye biyu na wannan abin sha: gahawa da kofi. Uwarsu ɗaya, kalmar Larabci ƙahwa. Gahawa ta zo mana kai tsaye daga bakin Larabawa, da irin furucin mutanen Hijaz da Sudan da Chadi masu mayar da ƙ ta koma g. Ita kuwa ɗayar yawon duniya ta tafi: Turkawa suka ce kahve, mutanen Italiya suka ce caffè, na Holan suka ce koffie, Ingilishi ya ɗauka daga nan, sannan ta sauka a Legas cikin jirgin ruwa ta iso mana a matsayin kofi. Da ta iso sai ta yi karo da wani kofin, wato mazubin da ake shan ruwa da shi, shi ma aro ne daga Turanci. Shi ya sa marubucinmu ke rasa yadda zai yi, don ba wanda ke son rubuta "ya ɗauki kofin kofi". Da ya ce finjalin gahawa, da ya huta.

Asalin bishiyar daga dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha take. Labarin makiyayin da ya ga awakinsa na tsalle bayan sun ci 'ya'yanta kowa ya ji shi, amma tatsuniya ce. Sai a 1671 aka fara ganinsa a rubuce, a birnin Rum. Abin da ke da hujja shi ne na Yaman. A tsakiyar ƙarni na 15 sufayen can suka riƙa dafa ta suna sha don su kori barci su raya dare da zikiri. Wani malami, Abdulƙadir al-Jaziri, ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 16 yana kare halascinta, kuma daga gare shi aka san yawancin wannan tarihi. Ya ambaci Muhammad al-Zabhani, muftin Adan, cikin waɗanda suka fara yaɗa ta. Daga Yaman ta bi 'yan ɗarika da ɗalibai zuwa Makka, zuwa unguwar Azhar a Alƙahira.

Me ya sa har sai an rubuta littafin kare ta? Na ɗaya, kalmar ƙahwa tun da can ɗaya ce daga cikin sunayen giya a waƙoƙin Larabawa. Na biyu, kuma wannan ne ainihin dalilin, gahawa tana tara mutane. A 1511 wani jami'in Mamaluka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci a Makka aka haramta ta, amma haramcin bai daɗe ba. Wajen 1555 wasu mutanen Sham biyu suka buɗe shagunanta a Santambul, wurin ya zama matattarar mawaƙa da masu karatu da masu gulmar fada. Sarki Murad na Huɗu ya rufe su a 1633. A Landan an buɗe shagon farko a 1652, kuma a 1675 Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su duka, ya janye cikin 'yan kwanaki saboda surutun jama'a. Ku duba, sarakuna daban, addini daban, tsoro iri ɗaya: mutane a zaune, idonsu biyu, suna magana. Wanda ya taɓa zama teburin mai shayi lokacin zaɓe ya san abin da sarakunan nan suka hango.

Sauran labarin na mulkin mallaka ne, zan wuce shi da sauri. Mutanen Holan suka kai irin tsibirin Jawa a ƙarshen ƙarni na 17, Faransawa suka kai shi tsibiran Karebiyan, ya shiga Barazil a 1727. Bayin da aka kwasa daga Afirka su suka noma shi. Kafin tawayen bayi na 1791, yankin da ake kira Haiti a yau shi kaɗai ke fitar da kusan rabin gahawar duniya.

To ga tambayar da ta dame ni. Gahawa ta bi hanyar aikin Hajji ta shiga kusan kowace ƙasar Musulmi. Hausawa kuwa sun daɗe suna zuwa Makka a ƙasa. Larabawan Gadamas da Tarabulus suna zaune a cikin birnin Kano, har da unguwarsu, Dandalin Turawa (a da Balarabe ake ce wa Bature, kafin Nasara su gaje sunan). Ga sufaye, ga masu tahajjudi, ga masu tilawar dare. Duk abin da ya raya gahawa a Yaman muna da shi. Me ya hana ta zama abin shan kowa a nan?

Amsa ta farko ƙasa ce. Nau'in arabika, mai ƙamshin nan, yana son tudu mai sanyi, daga wajen mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, da inuwa, da ruwan sama mai tsawon lokaci. Nau'in robusta yana jure zafi amma yana son laimar kurmi. Bishiyar kan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara 'ya'ya, jajaye, girman magarya, kowanne da ƙwaya biyu a ciki. Kudancin Kano ya fi ko'ina a jihar samun ruwa. Manomin Kiru da Tudun Wada da Doguwa yana noma masara da rake da shinkafa, ga duhun dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai. Amma rani na wata shida zuwa bakwai, da hunturu mai busar da ganye, da zafin bazara, ba su barin bishiya irin wannan ta yi tasiri. Sai dai wannan amsa ba ta isa ba. Gahawa ba ta fitowa a Santambul ko Landan, amma sun saya sun sha. Mu ma da mun so da mun saya.

Amsa ta biyu ita ce ta gaske: an riga ta zama. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438) Sarkin Nupe ya aika wa Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar Gwanja. Ku lura da shekarun. Ƙarnin da sufayen Yaman suka fara dafa gahawa, a cikinsa goro ya kama hanyar ƙasar Hausa. Sinadarin da ke korar barci a cikinsu ɗaya ne, shi ake kira kafin. Matafiyan Turawa sun gane haka. Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya kwatanta matsayin goro a wurin Kanawa da matsayin gahawa ko shayi a ƙasarsu, ya kuma ƙiyasta cewa fiye da kayan jaki 500 na shiga birnin a shekara.

Kuma goro ma ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Daga kurmin Asante yake, a ƙasar Gana ta yanzu, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano da kanwa da baƙin yadi da turkuɗi da fatu da gabu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Madugu uban tafiya na shugabanta, jagaba na gaba, ana biyan fito da kuɗin hanya a kowace ƙasa, ana tsoron 'yan fashi. Ga shi goro kaya ne mai shagwaɓa. A naɗe shi da ganyen fita a cikin huhu, a riƙa kwancewa a zango ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa don kada ya ɓata sauran. Marubucin da ke neman labari mai haɗari da cin amana da soyayyar nesa, ga shi nan a shimfiɗe, ba a ko taɓa rabinsa ba.

Manyan fataken wannan hanya su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma Agalawa da yawa a garuruwan kudancin Kano suka zauna. Bebeji na kan tsohuwar hanyar Kano zuwa Zariya, gari mai ganuwa da kasuwa. Clapperton ya bi ta nan a 1826. A wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, ɗan gidan fataken goro. Ya bi hanyar Gwanja tun yana matashi, ya kai har Ankara ta bakin teku. Da yaƙin basasar 1892 ya karya Salaga, hanyar ƙasa ta soma mutuwa, yana cikin waɗanda suka koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya shiga cinikin gyaɗa, saura kuma kowa ya sani. Dalar gyaɗa ake tunawa da ita, amma goro ne ya koya masa ciniki. Kuma hanyar ba attajirai kaɗai ta haifa ba. Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya bi ayari ya zauna Salaga, daga baya Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da ajami, har da tarihin ƙasashen Hausa. Kakanmu ne a wannan sana'a, mu da yawa ba mu taɓa jin sunansa ba.

A ganina akwai kuma dalilin da ya shafi yadda ake amfani da su. Gahawa na buƙatar wuta da kasko da turmi da tukunya da finjali, da mutum ya zauna. Goro aljihu kawai yake so. Falke na tauna shi a bayan jaki, manomi a kan kunya, malami a kan buzu. Ana fasa shi a miƙa wa na kusa ɓari. Ya shiga harshe har ya zama ma'aunin hulɗa: goron gayyata, goron ɗaurin aure, goron suna, goron Sallah. A ce maka albishirinka, ka ce goro, a ce fari ko ja. Abin da Balarabe ke faɗa wa baƙo da finjali, Bahaushe ya riga ya iya faɗarsa da goro. Baƙuwa ba ta tayar da irin wannan mai gida.

Duk da haka gahawa ba ta rasa masauki ba. Hausawan da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da dubban alhazan ƙasa da suka yada zango a Sudan, sun ɗauki jabana: a soya ƙwayar a kan garwashi har ta yi duhu, a daka, a dafa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, a tsiyaya a ƙananan finjalai. Alhazan jirgi kuma suna dawowa da irin ta Saudiyya, wadda ba a soya ta sosai, ruwanta fatsi-fatsi, da ƙamshin hel, ana kurɓa da dabino. Idan jaruminka ɗan Fagge ne mai dangi a Sudan, ko tsohon ɗalibin Madina, ko jikan Larabawan birni, gahawarsa tana da tarihi, kuma ba iri ɗaya kowannensu zai sha ba. Wannan bambancin shi ke sa mai karatu ya yarda da kai.

A karkara ma akwai abin da ya tsaya a madadinta. Rai-ɗore, ciyawar nan mai furen rawaya da ke fitowa a juji da bayan gida da damina, ana soya 'ya'yanta a niƙa a sha kamar gahawa a wurare da dama na Afirka ta Yamma, haka ma 'ya'yan tafasa. Ba su da kafin, kuma ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore suna da guba ga mutum da dabba, don haka kada wani ya ce ni na aike shi.

Wadda ta shiga kowane lungu a ƙarshe ita ce ta gwangwani. Barazil ta yi ta tara gahawar da ta rasa mai saye bayan karyewar kasuwannin duniya a 1929, aka nemi kamfanin Nestlé na Suwizalan ya samo dabarar adana ta, a 1938 ya fito da Nescafé, garin da ke narkewa a ruwan zafi. Shi ne wanda mai shayi ke ɗiba da bakin cokali. Nijeriya na noma tata kaɗan: arabika a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, wajen Gembu, robusta kuma a wasu jihohin kudu. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan ita ke kula da bincike a kan gahawa, kuma cikin amfanin gonar da aka ɗora mata har da goro da shayi, wato kishiyoyin uku gida ɗaya aka ajiye su.

Wanda ya tsaya Kwanar Ɗangora da dare, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Zariya, zai ga direban tirela ya sa an kaɗa masa shayi mai kauri da Nescafé, ya shanye a tsaye, sannan ya taka wurin mai faranti ya sayi goro biyu ya jefa aljihu saboda tsakiyar dajin Falgore. Yadda shayi ya shigo a makare ya fi su duka samun kujera, wannan shi ne darasinmu na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.