Killace Kai a Gida Lokacin Annobar Numfashi: Nazarin Ƙa'idojin 2020 a Ma'aunin Rayuwar Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ƙa'idojin killace kai da aka gindaya wa waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar korona a 2020, ta auna su da yanayin zama a Birnin Gwari da ƙauyukan bakin dajinta. Hujjarta ita ce, ƙa'idojin sun jingina da abubuwa huɗu da ba su ambata ba: ɗaki na musamman, abincin mako biyu, layin waya mai aiki, da hukumar da za ta iya isa ƙofar gida. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, abin da ya kamata a killace shi ne sashen gida baki ɗaya, bibiya kuma ta koma hannun mutanen unguwa.

1. Gabatarwa

An tabbatar da ɓullar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Wata guda bai cika ba Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita daga 26 ga Maris, ta dogara da Dokar Killacewa ta 1926 da dokar lafiya ta jiha. Ranar 28 ga Maris Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa ya kamu, ragamar aiki ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe, wadda likita ce. Ba a sassauta kullen sosai ba sai cikin Yuni, wato ya haɗiye azumin shekarar duka, ya kuma taɓa farkon damina.

Kullen jiha daban, killace mutum ɗaya daban. Na biyun ne abin nazari a nan: mutumin da lafiyarsa lau a ido, amma ya zauna kusa da mai cuta, aka ce ya keɓe kansa kwana 14. Hanyar da aka bi ita ce karanta ƙa'idojin hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a gwada kowacce da tsarin gida, sana'a da tsaro a yankin.

2. Abin da ƙa'idar ta nema, da dalilinta

Kwana 14 ba da ka aka yanke su ba. Ƙwayar korona kan ɗauki kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin alamu su bayyana, galibi wajen kwana 5, kuma mutum na iya harbin wani tun bai fara tari ba. Don haka aka buƙaci wanda ya yi cuɗanya ya zauna a ɗaki shi kaɗai inda iska ke shiga, ya ware kwanonsa da kofinsa, ya yi amfani da bayi na daban in da hali, kada ya karɓi baƙi, ya riƙa duba zafin jikinsa, in ya ji zazzaɓi ko sarƙewar numfashi ya buga lambar hukuma. Ta fuskar ilimin cututtuka babu abin kushewa a ciki. Abin tambaya shi ne gidan da aka hango sa'ad da ake rubuta ta.

3. Gida da ɗaki

A gidan gandu irin na Kuyello ko Randagi, ɗaki na mace ne da 'ya'yanta. Samari suna kwana a ɗakin ƙofar gida ko zaure, su huɗu su biyar. Masai ɗaya ne, buta ɗaya ke zagayawa, guga ɗaya ke shiga rijiya, yara kuma a kwano ɗaya suke sa hannu. Maigida mai turaka shi kaɗai ne ƙa'idar ta dace da shi kamar yadda aka rubuta ta, shi ma sai an dakatar da rabon kwana. Mace mai goyo kuwa, a ce ta keɓe kanta magana ce kawai, domin jaririn da ke bayanta ya riga ya shiga duk abin da ta shiga.

Sai dai gidan Bahaushe yana da wata fa'ida da ƙa'idar ba ta lura da ita ba. Cututtukan numfashi sun fi yaɗuwa a rufaffen wuri, inda iskar da wani ya fitar ke taruwa. Ɗakin ƙasa mai 'yar taga ɗaya, wadda sau da yawa an toshe ta da tsumma saboda ƙura, ya fi haɗari bisa tsakar gida. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da kullen ya kankama, jama'a a waje suke kwana saboda zafi. Da an ce wa wanda ake zargi ya shimfiɗa tabarmarsa a rumfa, nesa da sauran, a miƙa masa abinci a ajiye, da an fi kusa da manufar likitoci fiye da tura shi ɗakin da dole yara za su shiga ɗaukar kaya. A ganina wannan shi ne babban giɓin fassara ƙa'idar zuwa rayuwar karkara: an riƙe bango da ƙofa, aka saki iska da tazara, alhali su ne asalin maganar.

4. Ciki

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan acaɓa, mai faskare, mai haƙar zinare a ramukan yankin, duk abin da suka samo yau shi ake ɗorawa a murhu da daddare. Manomi yana da hatsi a rumbu, amma mako biyu a lokacin shuka na iya zama asarar shekara. Ingila, da duk arzikinta, sai da ta fara biyan masu ƙaramin ƙarfi fam 500 daga Satumba 2020 domin su iya zama a gida, saboda ta gane cewa umarni kaɗai ba ya zaunar da mai neman na tuwo.

Al'adar Hausawa ta daɗe da sanin haka. Mai jego tana zaman kwana arba'in, mai takaba tana wata huɗu da kwana goma, kuma ba a taɓa barin su su ɗauki nauyin zaman su kaɗai ba: akwai mai dafa ruwa, akwai mai kawo kunu, akwai mai zuwa kasuwa. Addini ma bai bar wurin babu kowa ba, domin hadisin da ya hana shiga garin annoba ko fita daga cikinsa sananne ne ga malamai, haka labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora gazawar killacewa a kan taurin kan jama'a. Sun san zaman gida. Wanda ba su sani ba shi ne zaman da babu mai leƙowa da ƙwarya.

5. Daji, hanya da layin waya

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta haura murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum sama da dubu 250. A cikinta gandun dajin Kamuku yake, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Shekaru da dama kafin korona 'yan bindiga sun mamaye waɗannan dazuzzuka. Harin Gwaska na Mayu 2018 ya ci rayuka da dama, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, mai tsawon kimanin kilomita 120, ta zama sai da addu'a da rakiyar jami'an tsaro.

Wannan ya taɓa ƙa'idar ta fuska uku. Ta farko, mutumin da aka ce kada ya fita ɗaki, in aka ji ƙarar babura da tsakar dare, jeji zai yi tare da kowa, kuma babu likitan da zai ga laifinsa. Ta biyu, waɗanda suka baro ƙauyuka sun cunkushe a gidajen 'yan'uwa cikin gari, ɗakin mutum uku ya koma na goma. Ta uku ita ce bibiya. A farkon annobar ɗakunan gwaji biyar ne kacal a faɗin ƙasar, duk samfurin da aka ɗauka a Birnin Gwari kuwa sai ya bi waccan hanya. Idan aka tuna cewa nasarar daƙile Ebola a Najeriya a 2014 ta tsaya ne a kan bibiyar mutum 894 da ziyarar ido da ido kusan 18,500, za a ga girman abin da aka rasa inda ma'aikacin lafiya ba zai iya hawa babur ya shiga Damari ko Dogon Dawa ba.

Waya ce ta rage. Ita ma a ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse sabis a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, domin yaƙi da 'yan bindiga, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako. Matakin na tsaro ne, yana da nasa dalilan, amma kusan wata biyu babu lambar da mai zazzaɓi zai kira, a daidai lokacin da annobar ba ta gama wucewa ba.

6. Abin da za a gyara

Maganar ba ta mutu da korona ba. Mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano ya kuma shigo Kaduna, ta numfashi yake yaɗuwa, haka ƙyanda da sanƙarau. Ƙa'idar da za a rubuta wa yankin nan gaba ya kamata ta ɗauki sashen gida a matsayin abin killacewa: duk masu cin tukunya ɗaya su rage fita tare, a ware tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini zuwa wani sashe, maimakon a ware wanda ake zargi a bar su a tsakiyar jama'a. Mutum ɗaya daga waje, wanda mai unguwa ya sani, shi zai riƙa yin cefane da ɗebo ruwa, hatsin zaman kuma ya zo tare da umarnin, ba bayansa ba.

Tsawon kwanakin ma abin dubawa ne. Amurka ta rage shi zuwa kwana 10 a Disamba 2020, ko 7 in gwaji ya nuna babu cuta, bisa lissafin cewa gajeren zaman da mutane za su cika ya fi dogon da za su karya a ɓoye. Lissafin ya fi ƙarfi ga manomin da ruwan shuka ya sauka.

Bibiya kuwa akwai waɗanda suka riga suka san kowane zaure: matan da ke yawon rigakafin shan inna gida-gida, masu unguwanni da dagatai ƙarƙashin masarautar Birnin Gwari, da masu kemis, waɗanda su ne farkon ganin mai tari kafin asibiti. Sulhu da 'yan bindiga da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamba 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta garin, ya sa mutane da dabbobi sun dawo zirga-zirga tsakanin daji da gari. Ba wa waɗancan masu bibiya ma'aunin zafin jiki, littafin rubuta sunaye da ɗan alawus aiki ne da za a iya farawa yanzu, tun hanya tana biyuwa.